Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi, a Kan Mutanen Bakin Kogin Jama'are

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da duk masu taya ka riƙon amanar jihar nan, ina roƙon Allah ya yi maka jagora, ya sa a gama lafiya.

Ni tsohon malamin gona ne. A fadamun ƙasar Katagum da Jama'are na yi aikina har na yi ritaya. Ba ni da kujera a wata jam'iyya, kuma babu ƙungiyar da ta aiko ni. Na ɗauki alƙalami ne a madadin mutanen da na saba zama da su a bakin gona: manoman shinkafa, masunta, Fulanin da ke rugage a gefen fadama, da matan da mazansu suka rasu suka bar su da marayu, a ƙananan hukumomin Zaki, Gamawa, Itas/Gadau, Jama'are, Shira, Giade da Katagum. Da yawansu ba su iya rubuta wasiƙa ba. Waɗanda suka iya kuwa nauyi suke ji, kada a ce sun yi ƙorafi a kan abin da Allah ya ƙaddara. Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne wata damina na ƙaratowa, ga iyalan da ruwa ya rushe wa gidaje har yau wasu suna raɓe a ɗakunan 'yan'uwa, kuma idan akwai shirin da aka yi, bai sauko ƙauye ba tukuna.

Ruwan da ke cin mu ba baƙo ba ne. Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya gangaro ta ƙasar Ningi, ya ratsa Jama'are da Itas/Gadau da Zaki, sannan ya shiga Yobe ya haɗu da na Haɗeja su nufi Tafkin Chadi. Da ya iso wajenmu ƙasa ta kwanta, babu gangare, sai ya bazu cikin fadama. Wannan bazuwar ita ce arzikinmu. Ita ke kawo sabuwar laka, ita ke cika tafkunan kifi, ita ke sa manomin rani ya samu ruwa kusa idan ya haƙa rijiya. Amma shekarar da aka yi ruwa da yawa a can sama, ko mu nan ba mu ga hadari ba, sai a wayi gari kogi ya wuce iyakarsa. Haka aka yi a 2022, shekarar da Gwamnatin Tarayya da bakinta ta ce ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasa, ta raba fiye da miliyan 1.3 da muhallinsu, Zaki da Gamawa kuwa suna cikin wuraren da suka fi jin jiki a jiharmu. A daminar 2024 ruwa ya yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, manyan motoci suka yi cirko-cirko. A watan Satumba na shekarar madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri, a ƙarshen Mayun 2025 kuma Mokwa ta Jihar Neja ta binne sama da mutum 150. Allah ya jiƙansu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa, mu kuwa namu ya riga ya sha kamawa.

Kafin in shiga koke, bari in faɗi abin da jama'a suka yi wa kansu, domin ba kasafai yake shiga rahoto ba. Daren da ruwa ya shigo gari, masunta ne suka fara fitowa da kwalekwalensu, suna kwasar tsofaffi da masu jego da yara zuwa tudu, babu wanda ya tambayi kuɗin fito. Samari suka kwana suna cika buhuna da yashi suna tare bakin unguwa. Garuruwan da ke kan tudu suka buɗe zaure da ɗakin baƙi da masallaci. Mata suka ɗora manyan tukwane, wannan ta kawo tsaki, waccan ta kawo kuka da daddawa, aka ciyar da mutanen da ba a ma san sunansu ba. Ranar Juma'a aka yi ta yawo da kwano a sahu. 'Yan garin da ke neman kuɗi a Legas da Fatakwal da Abuja suka yi karo-karo ta waya suka turo. Ban manta ba, gwamnati ma ta zo jaje, an kawo kayan agaji, hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya sun shigo, kuma wanda ya samu ya gode. Sai dai duk lokacin da na ji wani babba yana yabon haƙurin mutanenmu a rediyo, gabana yakan faɗi, domin na lura yabon yakan zo ne a daidai gurbin da ya kamata a ji abin da za a yi musu.

Kokena na farko a kan masu masauki ne, kuma shi ya fi damuna. Akwai wani dattijo da na sani a wani ƙauye da ke kan tudu a ƙasar Zaki. Ruwa bai taɓa gidansa ba. Amma ya sauki iyalin ƙaninsa da na surukinsa da na wani maƙwabcin gonarsa, suka zauna wata da watanni. Geron da ya ajiye don ya kai iyalinsa kaka mai zuwa ya ƙare tun kafin sanyi ya shiga. Ya sayar da tumakin matarsa, daga baya ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa. Da aka zo rubuta sunayen waɗanda iftila'in ya shafa, aka tambaye shi ko katangarsa ta faɗi, ya ce a'a, aka wuce. Bai yi magana ba, irinsa ba ya magana. Ranka ya daɗe, mafi yawan waɗanda ruwa ya kora ba sa zuwa sansani. Kunya da sutura ba za su bar magidanci ya kwana da matarsa da 'ya'yansa mata a aji ɗaya da baƙin maza ba, gidan dangi yake nufa. Ke nan babban nauyin agajin a rumbunan talakawa yake sauka, kuma babu takardar da ta san da su. Idan aka bar wannan ya ci gaba, ranar da ruwa zai sake zuwa za a tarar mai niyyar taimako yana nan, amma rumbunsa wayam.

Na biyu, yadda ake rubuta sunaye. Ba zan kama sunan kowa ba, kuma ban ce duk masu wannan aiki haka suke ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma na ga an zauna a ƙarƙashin inuwa a gari mai kwalta an cika takarda, ƙauyukan da sai an hau kwalekwale ko an cire takalmi an kutsa taɓo kuwa ba a leƙa su ba. Na ga sunan wanda ko ɗaki ɗaya ba shi da shi a garin, saboda yana da uwa a gindin murhu. Ana rubutawa ne da sunan maigida, don haka bazawara da matar da ke takaba da tsohuwar da ke riƙe da jikoki sukan faɗi ta tsakiya, sai dai in wani ya tuna da su. Rugagen Fulani kuma da yake ba sa cikin lissafin kowace unguwa, shanunsu su mutu, bukkokinsu su tafi, ba wanda ya rubuta. Sakamakon wannan ya wuce rashin buhun masara. Maƙwabtan da suka ceci juna a daren ruwa sai ka ga sun daina gaisawa bayan rabo, mai unguwa ya zama abin zargi ko da hannunsa tsarkakakke ne.

Na uku shi ne fannina, don haka a yi mini haƙuri in ɗan tsawaita. Shinkafa da taliya da katifa da bargo suna da amfani a makon farko. Amma manomin da ruwa ya cinye wa gona a watan Agusta ko Satumba, abin da ke hana shi barci shi ne bashi da iri. Yawancinsu da bashin ba-da-kaka suka sayi taki da maganin feshi, za su biya da buhunan shinkafa idan an yi girbi. Girbin ya tafi, mai bashi yana nan. Irin da zai shuka baɗi ma a cikin gonar yake ko a rumbun da ya jiƙe. Damar da ta rage masa guda ce: da zarar ruwa ya janye, fadama tana riƙe da danshi da sabuwar laka, ana iya jefa wake, kankana, masara ko dankali, a kuma shirya wa noman rani. Wannan damar gajeriya ce ƙwarai. Alkama, alal misali, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake son ta shiga ƙasa don ta ci sanyin hunturu, idan ta makara zafi ya riske ta tana fure, sai a girbe kara. Na taɓa ganin an kawo wa manoma irin alkama bayan lokacin shukarta ya wuce, aka yi taro, aka ɗauki hoto. Mutane suka karɓa suka yi godiya, suka kai gida aka niƙa aka yi alkubus. Me za su yi da shi in ba haka ba?

Idan wannan damar ta kuɓuce, abin da ke biyo baya sananne ne. Magidanci ya jinginar da gona, samari su watse ci-rani tun kafin lokaci, wasu ba sa dawowa, a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla. Gonar da aka jinginar a shekarar ambaliya ba kasafai take komawa hannun mai ita ba.

Akwai kuma abin da ke ba ni takaici a matsayina na malamin gona. Tun 2017 aka fitar da nau'in shinkafa FARO 66 da FARO 67 a ƙasar nan, waɗanda aka ƙirƙira musamman don su jure nutsewa a ruwa, har kusan mako biyu suna iya yi a ƙarƙashinsa su farfaɗo. Ba za su tsira daga ruwan da ya kwanta wata guda ba, kada a ce na yi alkawarin abin da ba haka ba. Amma gonaki da yawa na gefe-gefe kwanaki kaɗan ruwa ke yi a kansu ya wuce. Ka shiga kasuwar ƙauye a yankinmu ka nemi wannan iri, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunansa.

Na huɗu, lafiya da makaranta. Ambaliya tana haɗa masai da rijiya, abin da ke biyo baya kuwa amai da gudawa ne, kuma ba mu manta 2021 ba, lokacin da Bauchi ta kasance cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna. Ga sauro da ke ƙyanƙyasa a kowane kududdufi. Ga macizai da ruwa ke korowa tudu, inda mutane ma suka gudo, asibitin da ya shahara da maganin saran maciji kuwa yana can Kaltungo a Jihar Gombe, ina mutumin Sakwa ta ƙasar Zaki ina Kaltungo a daren da hanya ta yanke? Makarantun firamare kuma su ne sansanin dole. Yara su rasa zango guda na karatu, bayan an tashi a bar azuzuwa da karyayyun benci da masai a cike, ba wanda ya dawo gyara.

Na biyar, gargaɗi. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da koguna kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Aiki ne mai kyau. Amma a ɗakin taro a Abuja ake ƙaddamar da shi, ya shiga jarida da intanet ya tsaya. A ce wa manomi “ƙaramar hukumarka tana cikin haɗari” bai gaya masa komai ba, ya riga ya sani. Abin da yake so ya ji shi ne: kogi ya cika a Jama'are jiya, ku kwashe hatsi da dabbobi yau. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Jos ba a dare ɗaya yake isowa Zaki ba. Wannan tazarar kyauta ce Allah ya ba mu, muna barinta tana wucewa a banza. A can ƙasa kuma, wajen da kogin ya doshi dausayin Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala da yashi sun toshe hanyoyin ruwa, shi ya sa idan ya zo ba ya saurin wucewa. Ban shiga maganar madatsar Kafin Zaki da ake son ginawa a kan kogin ba, wadda ake ta ja-in-ja a kanta tun zamanin Shagari. Tana da magoya baya da masu adawa, musamman 'yan'uwanmu na Yobe da Borno da ke rayuwa da ruwan da ke gangara musu, kuma ko yau aka yanke shawara ba za ta tare mana ruwan bana ba.

Nakan ji ana cewa laifin mutanen ne, an ce su tashi daga bakin kogi sun ƙi. Ranka ya daɗe, su tashi su koma ina? Wanda abincinsa ke fadama ba zai yarda a kai shi inda zai yi tafiyar yini kafin ya ga gonarsa ba, kuma ba shi da kuɗin sayen fili a tudu. Inda aka nuna wa mutane fili kusa, mai ruwan sha, na ga sun tashi da kansu ba tare da an kira ɗan sanda ba.

Ga abin da muke roƙo.

A sa gidajen da suka sauki 'yan gudun ruwa cikin lissafin agaji, a ba su hatsi gwargwadon bakin da suka ciyar. Wannan shi ne roƙona na gaba da kowane.

A sauya yadda ake rubuta sunaye. Masu rubutun su taka har ƙauyen da abin ya faru, tare da mai unguwa da liman da arɗo, a kuma sa mata cikinsu domin su shiga cikin gida su ga wadda ba za ta fito ba. Kafin a raba komai, a karanta sunayen da babbar murya a ƙofar dagaci, a liƙa takardar a bangon masallaci ko makaranta na 'yan kwanaki. Ƙarya ba ta jure a karanta ta a gaban 'yan gari. Idan kuɗi za a tura ta waya ko banki, a tuna tsofaffi da mata da yawa ba su da asusu, a yi musu wata hanyar.

A tanadi iri tun yanzu, kada a jira ruwa ya yi gyara sannan a fara neman ɗan kwangila. Irin wake da masara mai saurin nuna da kayan lambu ya isa hannun manomi cikin Oktoba, na alkama kafin tsakiyar Nuwamba, tare da taki da injin ban-ruwa ko da na haɗaka ne, mutum biyar ko goma su yi tarayya a kan guda. A sayo FARO 66 da 67 a raba wa manoman fadama kafin shuka, a tura malaman gona su yi gonar gwaji a bakin hanya inda kowa zai gani da idonsa. Manomi ba ya sauya iri don an yi masa lacca.

A ajiye kayan gaggawa a Azare ko wani gari na yankin kafin watan Agusta, domin idan titi ya yanke, kayan da ke rumbun ajiya a Bauchi ba su da amfani ga mutumin Gamawa. A haɗa da kwalekwale masu inji da rigunan hana nutsewa, a damƙa su ga sarakunan ruwa da masuntan da suka san kogin. Ƙananan asibitoci su samu ruwan gishiri da sukari, maganin tsarkake rijiya, gidan sauro da allurar saran maciji.

A sa ma'aunin ruwa a gadojin kogin, a ɗauki mutanen gari a riƙa ba su ɗan alawus su duba safe da yamma su buga waya. Saƙon ya bi ta hakimai da dagatai da masu shela da masallatai da gidajen rediyon jiha, da Hausa da Fulatanci, a ambaci sunan gari da abin da za a yi. A haɗa kai da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatocin Jigawa da Yobe wajen yashe hanyoyin ruwa, tunda kogin bai san iyakar jiha ba. Kwalbatocin da ruwa ya ɓalle kuma, idan za a mayar, a faɗaɗa su, kada a sake zuba irin waɗanda suka gaza.

Garuruwan da kowace ambaliya sai ta ci, a zauna da su da masarautunsu a nema musu fili a tudu mafi kusa da gonakinsu, da takarda a hannu, da rijiyar burtsatse. Ba mu ce a gina wa kowa gida ba. A taimaka da siminti na harsashi da kwanon rufi, domin ginin ƙasa daga tushe yake jiƙa ya zube, sau da yawa cikin dare a kan masu barci. Sauran aikin mutanenmu sun iya, da gayya za su tayar da shi.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ba a cika son jinta ba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ware wa kowace jiha naira biliyan 3 saboda ambaliya, ga kuma kason da jihohi ke samu daga asusun kula da muhalli. Ban zargi kowa da cin ko kwabo ba. Roƙona a fito a rediyo a yi wa jama'a bayani dalla-dalla: nawa ya shigo, nawa aka kashe a kowace ƙaramar hukuma, a kan me. Idan an yi aikin, bayanin gwamnati zai yi wa amfani kafin kowa, domin a halin yanzu jita-jita ce ke cike gurbin. 'Yan majalisar dokokin da ke wakiltar waɗannan mazaɓu su ma wasiƙar nan ta shafe su, su ne ya kamata su riƙa yin waɗannan tambayoyi a zauren majalisa, ba tsohon malamin gona ba.

A ƙarshe muna roƙon ka turo wakilai su zagaya garuruwan bakin kogi yanzu da hanya take a bushe, ba tare da jiniya ko sanarwa ba, su zauna da masu masauki da zawarawa da masunta su ji daga bakinsu. Muna kuma fatan jin amsar waɗannan buƙatu, ko da ta rediyo ce, kafin ruwan shuka ya sauka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kiyaye jiharmu. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin gona,
daga ƙasar Katagum, Jihar Bauchi.